Sunayen Da Ba Sa Wuce Azahar

"Maimaita, ranka ya daɗe. Kunnena na hagu ya tsufa, amma na dama garau yake. Wa ka kira maciyiyar amana?"

"Iya, ba da ke nake ba," in ji Maigida, mai kamfanin ɗinkin da nake dafa wa shayi tun yana da gashi a kansa. "Koma gindin butarki."

"Da surukata kake. Da ƙafata na je na nemo wa autana aurenta. In zaginta za a yi, ni kaɗai ke da lasisi."

Ma'aikata suka tuntsire da dariya. Ya juya ya harare su, dariyar ta koma tari. A tsakar filin kamfani muke, teloli sun baro kekunansu, masu guga sun yi cirko-cirko. Ita kuwa wadda ake rigimar a kanta, Injiniya, mai kula da kwamfutocin gidan, tana tsaye ta harɗe hannuwa kamar zancen wata ake yi.

"Kullum ta mayar da sunayen nan da safe, azahar na yi sun ɓace," in ji Maigida da ƙarfi, don har mai gadi ya ji. "Kuma makullin na'urorin a hannunta yake ita kaɗai. Na kira mai bincike. In bai samo mini wani ba, 'yan sanda zan miƙa wa ita, sannan in tabbata ko shara ba wanda zai sake ba ta."

"Ka kira har da masu kashe gobara," na ce. "Sai dai yau shayinka ba sukari."

Bari in koma baya kaɗan, don na san kun shigo a tsakiya.

Ƙofar kamfaninmu ba mutum ke buɗe ta ba, kati ake nuna mata. In ta san ka ta yi kore, in ba ta san ka ba ta yi ja. Wata safiya na nuna mata katina, ƙofar nan da na girme ta nesa ba kusa ba ta zare mini jan ido. Na juya katin, na goge shi a zanina, na tofa masa addu'a, ja dai. Na waiwaya, ga matan ɗakin guga kaf a bayana, kowace da kati a hannu kamar masu jiran allura. Ashe sunayenmu ne aka share daga cikin na'ura, su duka, har da ni, don wurin shayina a jikin ɗakinsu yake, tare aka rubuta mu.

Mai gadi yana shigar da mu ta ƙaramar ƙofa, ba a nan matsalar take ba. Dokar gidan ta ce wanda babbar ƙofa ba ta gani ba, bai zo aiki ba, wanda kuma ya daɗe bai zo ba ya sallami kansa. To ga mu muna zufa a kan dutsen guga, ƙofa na cewa muna gida muna barci.

Mai binciken ya iso washegarin rigimar nan ta fili. Na zaci zan ga ƙato mai baƙin tabarau. Sai ga wani siriri, takalminsa ya ci gefe guda, yana tafe kansa a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. An ce aikinsa bin sawu, sai dai shi sawun waya yake bi. Kafin ya kai bakin ofis na raɗa masa Sunkuyau, kafin la'asar har Maigida ya kusa kiran sa haka.

Na cika faranti da kofuna na bi shi. Mai faranti ba a hana ta shiga ko'ina, wannan na daɗe da ganewa.

Ya fara da ɗakin sanyi, inda akwatunan ƙarfe biyu suke tsaye suna ƙifta ido. Ni Tagwaye nake ce musu, Babba da Ƙarama. A cikinsu sunan kowa yake, da ƙofar da aka yarda ya shiga.

"Yi mini bayani kamar ban san komai ba," ya ce wa surukata.

Ta kalle ni ta gefen ido. "Kamar Inna ce da ƙawarta Uwar Guga, babbar masu guga. Abin da ɗaya ta ji, kafin ka juya ta kai wa ɗayar. Kuma labarin da ya zo daga baya shi suke ɗauka, ko da ƙarya ne."

"Ji mini 'yar nema," na ce. "A gaban baƙo?"

"Ci gaba," in ji Sunkuyau, bai ko yi murmushi ba.

Ta ce kullum yamma tana kwafe duk abin da ke cikinsu ta adana a wani ɗan akwati kamar sabulun wanka, ta kulle a durowa. Ran da sunaye suka ɓace ta ɗauko ajiyar da aka yi kafin ɓarnar ta zuba wa Babba.

"Nan na yi gaggawa," ta ce. "Na bar Ƙarama a jone. Ajiyata tsohon labari ce, sharewar kuwa sabon labari. Ƙarama ta ce wa Babba ai waɗannan an share su, Babba ta bi ta. Ko zama ban yi ba suka sake tafiya."

"Daga nan fa?"

"Daga nan na raba su. Na cire su daga waya, na zuba wa Babba ajiya, na wanke Ƙarama tas na cika ta daga Babba, sannan na haɗa. Sunaye suka zauna. Ƙofa ta yi kore. Azahar na yi, babu su. Haka kullum."

Sunkuyau ya tsuguna yana kallon wayoyin da suka ratsa bango. "Biyun nan bakinsu ɗaya da safe. Ba za su ƙaryata juna da rana ba, sai in wani ya sa baki. Su biyu ne tun asali?"

"Akwai sunan wata tsohuwa a cikinsu, suna ta kiran ta ba ta amsawa. An ce ta ƙone tun kafin in zo, an zubar. Na nemi in cire sunanta, Maigida ya ce kada a taɓa abin da bai yi kuka ba."

Na kusa kifar da farantin don dariya. "An zubar? A gidan nan? Ɗana, mutumin da ke tara karyayyun allurai a gwangwani? Tsumman da aka goge ƙasa da shi ran buɗe kamfani yana nan a sito. In ka ga an fitar da abu daga gidan nan, to gawa ce."

Ya ɗago ya dube ni a karo na farko. "Ɗakunan ajiya nawa ne?"

"Ka fi saurin ƙirga gashin kaina."

Da muka fito na ja shi gefe, don ni tuni na gama bincikena.

"Mai gadi ne," na raɗa masa. "Tun da aka kawo ƙofar kati ba mai gaishe shi. Yanzu kuwa dubi yadda yake taku, makulli na kaɗawa a ƙugu, mata na ce masa Baba don Allah. Kuma ɓarawo ne, ya sace mini waya."

Muka same shi a ɗan ɗakinsa yana sauraron rediyo.

"Baba, ka iya kwamfuta?" in ji Sunkuyau.

"Ɗan nan, wayar hannuna ma jikata ke amsa mini. Amma in ka ce na ji daɗin lalacewar ƙofar nan, ba zan musa ba. Allah ya ƙara mata ciwo."

"Da azahar ina kake zama?"

"A wurin wannan tsohuwar, ina shan ruwan zafin da take kira shayi."

"Ruwan zafin da kake shan kofi uku," na ce.

Gaskiyarsa ce, kullum yana gabana. Na cire shi daga zargi, amma ban cire shi daga maganar waya ba.

"To Uwar Guga ce," na ce da muka bar wurin. "Ƙawata ce, amma zan faɗa. Sun taɓa yin cacar baki da surukata a kan fanka. Tana da riƙo, har yau ba ta yafe wa mijinta abin da ya yi ran sunan ɗansu na fari ba."

Uwar Guga na jin tambayar ta dangwarar da dutsen guga a tsaye, tururi na tashi.

"In share sunana da hannuna don in ƙona wa yarinya rai? Malam, kalli hannun nan. Tare da mahaifiyar Maigida muka fara guga a gidan nan, da gawayi. Tana gadon mutuwa ta sa shi ya rantse ba zai taɓa korar mai guga ba. Mu ba mai korar mu." Ta juyo kaina. "Ke kuma, munafuka, ke kika kawo shi ko?"

"Shayi na kawo."

"Allah ya sa ya ƙona ki."

Sunkuyau ya tsaya a bakin ƙofa. "Ba mai korar ku," ya maimaita a hankali. "Sai dai ku sallami kanku."

Muka bar su da hucin tururinsu.

Na ƙarshe shi ne ƙanin matar Maigida, shugaban ma'aikata, wanda muke kira Laktaye, don ko ranar da zafi ke narka kwalta sai ya shaƙe wuyansa da laktaye. Ya karɓe mu da fara'a, ya miƙa wa Sunkuyau kujera, ni ya miƙa mini kofin jiya.

"Abin tausayi ne," ya ce. "Yarinyar tana da ƙoƙari, amma aikin ya fi ƙarfinta, ta yi kuskure tana rufewa. Ni ban san komai a harkar na'ura ba. Doka kawai nake bi. In ƙofa ta ce ba su zo ba, hannuna a ɗaure yake."

Yana magana yana goga ƙafa ɗaya a jikin ɗaya a ƙarƙashin tebur. Can ya kasa daurewa, ya sunkuya kamar zai gyara safa, ya yi susa mai kyau.

Muna fita na dafa hannun Sunkuyau. "Ka ga susar nan? Kwanakin nan ya fara. Ni dai ban ce komai ba, amma akwai wani gida a bayan tasha da ake ganin motarsa. Irin ƙaiƙayin da ake samowa can ba a faɗa wa mata."

"Iya," ya ce, "kin zargi mutum uku kafin azahar."

"Ranar ba ta ƙare ba."

Aka tashi cin abinci. Kekuna suka yi shiru, kowa ya yo wurina, barandar baya ta zama ba kowa. Surukata ta zo ta zauna a kan benci, ta ƙi cin komai. Da safen nan ta sake mayar da sunayen. Na tura mata burodi da kofi.

"Ci, kada ki faɗi a ce ni na hana ki abinci."

"Inna, in aka kai ni ofishin 'yan sanda, ki ce wa ɗanki kada ya zo ya yi faɗa."

"Ba inda za a kai ki. In sun zo da mota sai sun fara taka ni, kuma ni ba na takuwa da sauƙi."

Ba mu rufe baki ba wata mai guga ta dawo daga ƙofa da kati a hannu. Ba sai ta yi magana ba. Ja.

Sunkuyau yana tsugune kusa da teburina, yana kallon yadda na ɗora butar lantarki a kan kujera, kujerar a kan bulo, don wayarta ta kai soket.

"Me ya sa kike wannan wahalar?"

"Ba na gaya maka an sace mini waya ba? Doguwa, mai baki huɗu. Da ita nake jona buta."

"Na ɗauka wayar kira kike nufi. Yaushe ta ɓace?"

"Ana gobe ƙofa za ta yi mini rashin kunya."

"Yaya take?"

"Baƙa. Wato da fara ce. Shekara da shekaru madara da sukari na zuba a kanta, har ta yi ɓawo. In ka riƙe ta sai ka wanke hannu. Jajayen kiyashin nan masu cizo sun mayar da ita gidan ubansu. Abu ɗaya na ƙaru da shi, tun da aka ɗauke ta suka rage a nan."

Ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi. "Suka koma ina?"

"Ka tambaye su mana."

Wallahi sai ya tambaye su. Mutumin nan ya durƙusa a gindin bango, ya sami layinsu siriri kamar zare, ya bi. Na bar buta a hannun Uwar Guga na bi shi. Muka wuce ɗakin guga, muka wuce wurin yanka, muka shiga barandar baya inda ɗakunan ajiya suke jere, kowanne da kwaɗonsa. Kiyashin suka wuce na farko, suka wuce na biyu, ba su ko gaishe su ba. A wata ƙofa mai kore suka dunguma ta ƙarƙashi.

"Me ake ajiyewa a nan?"

"Ƙyallaye. Ragowar yadi. Da can shi ne ofis, kafin a yi ginin sama."

"Kiyashi ba sa cin yadi," ya ce.

Ya karɓo makulli a ofis, inda duk makullan sito suke rataye a ƙusa, kowa na iya ɗauka. Ciki buhunan ƙyalle ne har rufi, ƙura a kan komai, ban da wata 'yar hanya da ƙafa ta share. Ya janye buhu biyu. Ga ta nan zaune, tsohuwar na'ura mai launin toka, Kakar Tagwaye, wadda aka ce ta ƙone. Siririyar waya ta fito daga bayanta ta shige wani rami a bango, tun na zamanin ofis. Ga kuma wayata, baƙa wuluk da kiyashi, an ja ta ta saman taga zuwa soket ɗin baranda, don na ɗakin ya mutu.

Ya ɗora tafin hannu a kanta. "Da ɗumi. Yanzu aka kashe."

"Wayata!" na ce, na kai hannu.

"Iya, tsaya." Ya naɗe ta da ƙyalle ya cusa a jakarsa, yana yarfe hannu don sun fara yi masa maraba. "Ina roƙon ki abu ɗaya. Kada ki faɗa wa kowa mun ga wayar nan. Za ki iya?"

Na ce zan iya. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa shan azaba irin ta yinin nan ba. Uwar Guga ta tambaye ni me muka gano, na cika bakina da burodi.

Da la'asar ya tara mu a ɗakin sanyi: Maigida, Laktaye, mai gadi, Uwar Guga, surukata, sai ni da farantina. Sauran ma'aikata suna fili, an ce su jira.

"Na'urorinku uku ne, ba biyu ba," in ji Sunkuyau. "Tsohuwar tana ɗakin ƙyalle da ranta. A cikinta aka share sunayen, da tsohon makullin sirrin da ke jikinta. Duk safiya Injiniya na gyara biyun nan. Da azahar, in baranda ta yi shiru, wani ya je ya kunna tsohuwar. Ita kuma ta ce wa jikokinta, ku kuna da labarin da, ni ke da na baya, an share mutanen nan. Su bi ta. Ba sai ya taɓa komai ba, kunnawa kawai, ya jira kaɗan, ya kashe."

Maigida ya share goshi, a ɗakin da ni nake rawar sanyi. "Ni na ce a ajiye ta. Na ce wata rana za ta yi amfani."

"Ta yi kuwa," na ce.

"Wa ke kunnawa?" ya tambaya.

"Nan ne na tsaya," in ji Sunkuyau, ya yi fuskar wanda ya gaji. "Makulli a ƙusa yake. Kowa na iya shiga ya jona ta a bangon ɗakin. Ban ga abin da ya nuna mutum ɗaya ba."

"Kamar yaya ba ka gani ba?" Laktaye ya yi tsalle ya miƙe. "Ai ba a bango aka jona ba! Da wayar tsohuwar nan aka jona, wayar uwar mijinta! Wa zai ɗauki wayar uwar miji in ba suruka ba? Yaya, ka ga abin da nake gaya maka, gida guda ne suka haɗa baki!"

Sunkuyau ya buɗe jakarsa a hankali, ya zaro ƙunshin ƙyalle, ya ajiye a tebur bai kwance ba.

"Ban ambaci waya ba," ya ce. "Iya, kin faɗa wa wani?"

"Ko Uwar Guga ban faɗa wa ba. Tambaye ta, tun ɗazu take fushi."

"Zato na yi," in ji Laktaye. "Kowa ya san tana ta kukan an sace mata waya."

"Kowa ya sani. Amma wanda ya san inda wayar ta kwana shi ne wanda ya kai ta. Ɗan ɗaga ƙafar wandonka, ranka ya daɗe."

"Ba zan ɗaga ba. Wane irin wulaƙanci ne wannan?"

"Ɗaga," in ji Maigida, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Ya ɗaga. Daga idon sawu har ƙwauri jajayen ƙuraje ne rututu, ga zare-zaren ƙyalle kala-kala manne a safarsa. Sunkuyau ya miƙa nasa hannun kusa da ƙafar, cizon iri ɗaya sak.

"Allah sarki," na ce. "Ashe na ɗauki alhakin gidan bayan tasha."

Mai gadi ya tuna, yanzu da tunawa ba ta da haɗari, cewa kafin a ɗauki Injiniya, Laktaye ne ke shigar da sunayen sababbin ma'aikata a tsohuwar na'urar. Mutumin da bai san komai a harkar na'ura ba.

"Don kamfanin na yi!" Laktaye ya fashe. "Injin tururi guda zai yi aikin matan nan duka. Na kawo maka maganar ka ce ka yi wa Hajiya mahaifiyarka rantsuwa. To na samo maka hanyar da ba kai ka kore su ba. Laifi ne?"

Uwar Guga ta yunƙura, na riƙe mata zani. Ba don shi ba, don kada ta fasa mini kofuna.

Maigida ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, surukata ya kalla, murya ta yi laushi kamar ba shi ne na fili ba.

"'Yata, gyara mana abin nan tukuna."

Ta gyara a gabanmu, ba gaggawa. Ta zare wayoyin Tagwaye. Ta aika mai gadi ya ciccibo Kakar ya dire a ƙasa, ba waya ko ɗaya a jikinta. Ta ɗauko ɗan akwatin ajiya ta zuba wa Babba, ta ce mata daga yau maganarki ce gaskiya. Ta wanke Ƙarama ta cika ta daga Babba. Sannan ta nemo sunan Kakar a cikinsu, ta dubi Maigida.

"In cire, ko har yanzu bai yi kuka ba?"

"Cire."

Ta cire. Saura waya ɗaya, shuɗiya, wadda ke zuwa ƙofar waje. Ta ɗauke ta ta riƙe.

"Madalla," in ji Maigida. "To, abin da ya faru a ɗakin nan ya tsaya a ɗakin nan. Gida ɗaya muke. Za mu ce wa ma'aikata na'ura ce ta samu matsala, an gyara. Jona, 'yata."

"A'a."

"Me kika ce?"

"Na ce a'a, ranka ya daɗe. Ba a ɗakin nan ka kira ni maciyiyar amana ba. A fili ka kira ni, gaban teloli da masu yanka da mai kawo burodi. In aka ce na'ura ce, gobe kowa zai ce rufa mini asiri aka yi. Inda aka ɓata ni, can za a wanke ni. Kafin nan wayar nan tana hannuna, ƙofarka kuma ba ta san kowa ba, har kai."

Wallahi na ji kamar in goya ta. Yarinyar da ko gishirin miya ba ta iya aunawa ba.

"Iya, yi mata magana," in ji Maigida. "Ki duba matata. Ƙaninta ne."

"Ni? Ai ka ce in koma gindin butata." Na ajiye faranti. "Amma bari in taimake ka. Ka san ni. Na riƙe magana yini guda, har yanzu ƙirjina ciwo yake. Ina fita daga nan sai na amayar. Ka zaɓa, ko su ji daga bakinka a taƙaice, ko su ji daga nawa da ƙari."

Na taka na buɗe tagar da ke kallon fili. Ga su nan a tsaye, duk ido a sama.

Ya zo bakin tagar kamar ana jan sa da igiya. Ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Injiniya ba ta da laifi," ya ce. "Na zarge ta a kan abin da ba ta yi ba. Na janye."

"Ba a ji a baya ba!" in ji Uwar Guga.

Ya maimaita da ƙarfi. Wani daga ƙasa ya ce to wa ya yi? Maigida ya juya ya kalli ƙanin matarsa, jama'a kuma suka bi idonsa, don ta tagar ana hango laktayen sarai.

Surukata ta sunkuya ta jona shuɗiyar waya. Wata mai guga ta ruga ƙofa da katinta. Muka ji ƙarar buɗewa, sai guɗa ta tashi.

Laktaye ya gyara wuyansa ya nufi hanyar fita. Na sha gabansa, na kwance ƙunshin ƙyallen, na miƙa masa wayata da 'yan kiyashin da suka rage.

"Ba haka ka ɗauke ta ba, amma haka nake so ka dawo da ita: a wanke. Ga sabulu a wurin shayi. In ka gama zan ba ka man shafawa, na ga 'yan gidan sun yi maka hidima."

Ya dubi wayar, ya dubi mijin yayarsa ko zai ce wani abu. Maigida na kallon rufi. Sunkuyau, a karo na farko tun zuwansa, haƙoransa a waje. Laktaye ya fizge wayar ya yi jifa da ita a ƙasa, ya tsallake Kakar, ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai yi magana, ƙaiƙayi ya ci ƙarfinsa ya duƙa ya yi susa a gaban kowa. Sannan ya fice, ya maka ƙofar da ƙarfin da sai da kofunana suka yi ƙara a kan faranti.